Na'urar da Ta Ƙi Yatsun Mata

A shekarar da shinkafa ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, fetur kuma ya yi tsalle, aka ce za a tantance ma'aikatan lafiya don a tsame na bogi. Sharaɗin ɗaya ne: duk wanda na'ura ba ta ɗauki zanen yatsansa da hotonsa ba cikin kwana uku, sunansa ya fita daga jerin ma'aikata, ko da kuwa jaririn da aka haifa jiya ya san shi. Saboda tsuke bakin aljihu ba a turo ayari biyu ba. Aka haɗa mutanen Kabo da na Gwarzo wuri guda, a zauren taron wata makarantar firamare cikin garin Gwarzo, da kwamfuta ɗaya, da janareta ɗaya mai tari.

Rahamatu ungozoma ce a ƙaramin asibitin Dugabau, a ƙasar Kabo. Shekararta goma sha tara a wurin. Ta fara karɓar haihuwa tun ba ta iya rubuta sunanta ba, sai da ta ba wa arba'in baya sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Mace ce marar yawan magana. Ko a ɗakin haihuwa, kunnenta ya fi bakinta aiki. Daga yadda mai naƙuda ke jan numfashi take gane saura nawa. Ranar Litinin da sassafe ta sauka a Gwarzo tare da Altine, mai sharar asibitin, wadda ita kuma bakinta ba ya hutawa. Suka shirya kwana a gidan ƙanwar Altine a Unguwar Tudu.

'Yan Hisba sun riga sun raba layi, maza ta ƙofar gabas, mata ta ƙofar yamma, ana shigar da namiji ɗaya, mace ɗaya. Rahamatu ta samu wuri a kan wani benci a jikin taga, inda take hango teburin aikin sosai. A bayan teburin akwai Sabi'u, mai sarrafa na'urar, mutum ɗan kimanin talatin da biyar, da ƙaramar kwamfutarsa a gabansa. A gaban teburin kuma an kafa wani babban allo yana fuskantar jama'a, ya ba wa Sabi'u baya, don wanda ake tantancewa ya ga sunansa da hotonsa ya tabbatar. Kyamara na maƙale a saman allon. Gefe guda ga wani ɗan akwati mai gilashi inda ake dangwala yatsa.

Tun ana jona kaya ta ji Sabi'u yana yi wa shugaban ayarin, Malam Datti, ƙorafi.

"Ranka ya daɗe, wannan kwamfutar ramin jona waya ɗaya ne ya rage mata mai rai, sauran duk sun mutu. Shi ya sa na aro allon nan, yana da ramukan USB a gefensa. Kyamara da abin yatsa su shiga jikinsa, shi kuma waya ɗaya ta kawo min su."

"Kai dai ka sa ta yi aiki," in ji Malam Datti. "Laraba ƙarfe huɗu mota za ta juya Kano, ko an gama ko ba a gama ba."

Namiji na farko ya zauna, ya dangwala, aka ɗau hoto, ya tashi. Mace ta farko ta zauna, ita ma yatsanta ya shiga. Da aka zo hoto sai Sabi'u ya ce ta ɗan ja hijabinta baya, a ga goshi da kunnuwa, haka dokar take. Tana ja, sai ga fuskarta ta cika allon nan, ta fi faifai girma, har tsagen da ke gefen idonta ana gani daga waje. Mazan da suka yi cincirindo a tagogin gabas suka yi tsit, can wani marar ta-ido ya ce, "Ashe Hajiya akwai wushirya!" Aka kwashe da dariya. Matar ta fito tana share ido da bakin hijabi.

Maigadin makarantar, wani dogon tsoho da kowa ke kira Bappa Jalo, shi aka ɗora wa kiran lamba da kula da janareta. Ya daka wa mazan tsawa har sanda ya ɗaga, sannan ya sunkuya wajen Sabi'u.

"Malam, wannan abin da ke nuna matan mutane, ba a kashe shi?"

"Ga makunninsa nan a ƙasa, Bappa. In mace ta zauna ka kashe, ba komai. Na kallo ne kawai, ni ina gani a tawa."

Daga nan Bappa Jalo ya ja kujera ya zauna a gindin allon. Mace na zama sai ya danna, allo ya yi baƙi. Tana tashi ya sake dannawa. Matan da ke layi suka yi ta sa masa albarka, Rahamatu ma ta yi a zuciyarta.

To, daga lokacin ne kuma na'urar ta ƙi mata.

Namiji ya dangwala, ta karɓa nan take. Mace ta dangwala, shiru. Sabi'u ya ce ta danna da ƙarfi, ta danna. Ya ce ta sassauta, ta sassauta. Ya miƙo mata ƙyalle ta goge gilashin. Ya ce ta gwada na hagu. Kwamfutar ba abin da take cewa sai ba ta ga yatsa ba. In abin ya ishe shi sai ya ce, "Hajiya, ɗan tashi in duba," don ba zai sunkuyo kan matar wani ba tana zaune. Tana tashi, ya zagayo, ya ɗora nasa yatsan.

"Kun gani? Nawa ya shiga. Lafiyarta ƙalau. Koma gefe, Hajiya, a sake gwadawa an jima."

Ya sauya waya. Ya kashe kwamfutar ya kunna har sau uku. Ya zargi janareta, aka ƙara mata wuta. Kafin la'asar magana ta riga ta zaga layin mata: lalle ne. Na'urar Turawa ce, ba ta san lalle ba, tana ganin jan yatsa sai ta rufe ido. Wani ɗan Hisba ma ya tsaya a ƙofa ya yi sanarwa cewa duk mai lalle ta je ta wanke kafin gobe.

"Ta wanke!" in ji Altine. "Malam ya ɗauka miyar kuka ce ta zuba mana?"

Da yammar nan, a tsakar gidan ƙanwar Altine, suka zauna da ƙwarya cike da ruwan lemon tsami da toka da dutsen goge kaushi. Lallen Rahamatu na sunan jikarta ne, sati biyu da ƙunsawa, ya kama ya yi jawur. Ta yi ta gurzar babban yatsanta har ya yi zafi, ya yi sulɓi. Altine na gurza tana mita.

"Shekara ashirin ina share wa gwamnati ƙasa, yau an ce ni ta bogi ce saboda na yi kwalliya. Inna Rahamatu, in an kore mu, ke kya ci gaba da karɓar haihuwa a gida. Ni fa? Wa zai ɗauke ni sharar ɗakinsa?"

Hankalin Rahamatu kuwa na can Dugabau. In sunanta ya fita, ɗakin haihuwar Dugabau kulle shi za a yi, don ita kaɗai ce a ciki, kuma akwai mata huɗu da ta san watansu ya tsaya. Ta ci gaba da gurza.

Talata da hantsi layi ya zo kanta. Ta zauna, ta ji ƙas a gefenta, allo ya yi baƙi. Ta ɗora yatsan nan da ta gurje har ba sauran ja a jikinsa. Shiru. Ta ɗora na hagu. Shiru. Aka ce ta tashi, Sabi'u ya ɗora nasa, ya shiga.

"Inna, ƙila ya shiga cikin fata ne. A ƙara wankewa."

Ta koma bencinta jikin taga, hannunta na raɗaɗi. Wasu matan suka fara ɗaure kayansu. 'Yan ƙauyen Mainika su shida suka ce ba za su ƙara kwana a gidan mutane ba, suka tafi, sun bar wa Allah.

Ita Rahamatu ta zauna, kamar yadda take zama a gefen mai doguwar naƙuda, ba ta yin komai sai kallo da saurare. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Jiya da azahar, wata ma'aikaciyar rigakafi mai suna Hajaratu ta shiga, amarya ce, lallenta baƙi ƙirin har gwiwar hannu, kuma na'urar ta karɓe ta ba gardama, ita da mata biyu da ke bayanta. Mutane sun ce sa'a ce. Altine ta ce ai na amarya na kanti ne, shi na'urar ta sani. Amma Rahamatu ta tuna wani abu: su ukun nan sun fito suna ƙunƙuni, don an ga fuskokinsu a allo. A daidai lokacin Bappa Jalo ya tafi sayo fetur a galan.

Sai ta fara sa kunne. Ƙarar janareta ta cika wurin, amma bencinta na kusa. Mace ta zauna. Ƙas, Bappa ya danna. Bayan ɗan numfashi ɗaya sai ƙaramar kwamfutar Sabi'u ta yi wani ɗan kuka siriri, mai saukowa, ɗin-ɗin. Matar ta gama wahalarta ta tashi. Ƙas. Kwamfutar ta sake yin kukan, wannan karon mai hawa. Ta ƙirga har mata tara, ba wadda abin ya saɓa. Sannan ta miƙa wuya ta dubi gilashin. In namiji ne zaune, akwai wani ɗan haske shuɗi a ƙarƙashinsa, da ƙyar ake ganinsa saboda hasken rana. Ita kuwa da ta zauna ɗazu, ta tuna sarai, gilashin duhu ne.

Ta bi wayar ɗan akwatin da ido. Wayar ba ta tafi wajen Sabi'u ba. Jikin allon ta shiga.

Ranar nan ba ta gaya wa kowa ba, har Altine. Tsoro biyu ne suka riƙe ta. Na farko, a ce tsohuwar da ta koyi baƙi da furfura a kanta ita za ta koya wa ma'aikacin birni aikinsa; in ta yi kuskure, dariyar da aka yi wa mai wushirya kaɗan ce. Na biyu kuma Bappa Jalo. Mata sun fi saba'in da suka gurje yatsunsu, wasu har jini. In ta tashi a bainar jama'a ta nuna shi, ba ta san inda abin zai tsaya ba, alhali shi kaɗai ne a zauren nan ya ji kunyarsu.

Laraba ta yi. Aka ce ƙarfe huɗu za a naɗe. Har azahar ba macen da ta wuce. Malam Datti ya fito ya ce shi zai rubuta wa na sama cewa an samu matsala da yatsun mata, amma bai yi alkawarin za a dawo ba. Kowa ya san ma'anar wannan.

Da aka tashi salla, Rahamatu ta yi tata da wuri, ta ɗauki jakarta ta zagaya bayan zauren. Bappa Jalo na tsugune kusa da janareta, ya idar da tasa, yana ɓare goro da farce. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Bappa, barka da rana."

"Barka kadai, 'yar nan. Ya gajiyar zama?"

"Ba gajiya. Ya aiki? Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Ya mutanen gida? Daga ina kike?"

"Dugabau, Bappa. Ni ce ungozomarsu."

"Allah sarki. Allah ya ba da lada. Ku yi haƙuri da abin nan, wallahi tausayinku ya hana ni cin abinci."

"Mun gani, Bappa. Tun ran Litinin muke sa maka albarka, ka rufa mana asiri." Ta rage murya. "Wata magana ce na zo da ita, in na yi kuskure ka yafe min. Ni ban san na'ura ba. Amma na san cibiya."

Tsohon ya ɗago kai. "Cibiya kuma?"

"Ɗan da ke ciki ba shi da bakin ci, ba shi da hancin shaƙa. Ta cibiya yake samu daga uwarsa. In uwa ta suma, shi ma ya yi shiru, ko da lafiyarsa ƙalau. To, na ga ɗan akwatin yatsan nan, cibiyarsa a jikin allon take. In ka danna, ba fuskar allon kaɗai ke mutuwa ba. Ina jin har ɗan ke suma."

Bappa Jalo ya daina ɓare goron. Ta gaya masa na kukan kwamfuta, mai sauka da mai hawa, da ɗan shuɗin haske, da amarya Hajaratu da ta wuce lokacin da ya tafi sayo mai.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Ke nan yatsan nan nawa ne ya hana ku, ba naku ba."

"Ban ce ba, Bappa. Cewa na yi a gwada. Ba sai kowa ya ji ba. In na zauna, ka yi kamar ka manta, kada ka danna. Ni tsohuwa ce, su kalla, me za su gani?"

"A'a." Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. "Ba za a kalle ki ba, ba kuma za a yi shi a ɓoye ba. Kina da wani zane a jakar nan?"

Tana da shi, wata tsohuwar atamfa mai ruwan ganye da take shimfiɗawa in za ta yi salla. Ta miƙa masa.

Suka shiga zauren, shi a gaba, ita a baya. Sabi'u na zaune ya dafe kai da hannu biyu, kwanon abincinsa ko buɗewa bai yi ba. Bappa ya tsaya a kansa ya maimaita abin da ta faɗa, har da cibiyar, bai rage komai ba, ya kuma ce maganar wannan baiwar Allah ce.

Sabi'u ya yi murmushin gajiya. "Inna, sannu da ƙoƙari. Amma allon nan na kallo ne kawai. Ba ruwansa da yatsa."

"To, Malam," in ji Rahamatu, idonta a ƙasa, "ai ka fi ni sani. Sai dai kai kullum in za ka gwada naka, sai mun tashi. In mun tashi kuwa, Bappa ya riga ya kunna."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa. Ya dube ta, ya dubi wayar da ta fito daga gefen allon. Ya tashi ya zagayo, ya ɗora yatsansa a kan gilashin. Hasken shuɗin na nan.

"Bappa, danna."

Ƙas. Allo ya yi baƙi. Ɗin-ɗin, in ji kwamfutar. Hasken da ke ƙarƙashin yatsansa ya ɗauke.

"Sake."

Ƙas. Hasken ya dawo.

Sau uku ya sa aka yi. A na ukun ya zauna daɓas a kan kujerar da ake tantancewa, ya cire hularsa ya riƙe.

"Ramukan daga jikin allon suke shan wuta. In an kashe shi, sun mutu, har kyamarar. Kwana uku! Na sauya waya, na zagi janareta, na sa iyayenmu sun gurje hannu." Ya juya wajen Rahamatu. "Inna, a wace makaranta kika yi wannan?"

"A bencin can," ta ce.

Lokacin jama'a sun fara dawowa daga masallaci, an cika tagogi. Magana ta fita tun kafin a faɗe ta. Layin mata ya ɗauki guna-guni, wata ta ɗaga yatsanta da ta naɗe da tsumma tana cewa a nuna mata wanda ya jawo. Bappa Jalo ya matsa gaba zai yi magana, amma Sabi'u ya riga shi zuwa bakin ƙofa.

"Iyayena, ku saurara. Ba lalle ba ne, ba kuma laifin Bappa ba ne. Ya tambaye ni ran Litinin, ni na ce masa ya kashe, ba komai. Rashin sanina ne. Ku yafe min."

Sai muryar Altine ta fito daga can baya.

"Mun yafe, Malam, amma lallena fa? Na bikin 'yar maƙwabta ne, sau biyu na ƙunsa!"

Dariya ta ɓarke, har mai yatsan tsumma. Wani daga layin maza ya ce su sun kusa ƙarewa, a bar wa mata wurin gaba ɗaya, sauran suka amsa. Malam Datti ya dubi agogonsa, ya dubi layin, ya ce shi dai ƙarfe huɗu aka ce masa. Sabi'u ya ce masa, cikin ladabi, in mota ta tafi ƙarfe huɗu to ba da shi ba, gobe ya hau ta haya. Malam Datti ya yi tsaki, ya koma gefe ya buga waya, ya dawo ya ce zuwa magariba, ko minti ɗaya ba ƙari. Masu waya suka hau kiran waɗanda suka tafi. Aka samu 'yan Mainika, aka ce su hau babur yanzu-yanzu.

Bappa ya warware atamfar zai lulluɓe allon gaba da baya. Sabi'u ya ce a'a, fuskar kawai, bayansa na buƙatar iska, kada kuma a rufe idon kyamara. Ba abin da za a maƙale zanen da shi. Tsohon ya kama gefe biyu ya tsaya a jikin allon, hannuwa a sama, ya kawar da kansa gefe.

"Ungozomar Dugabau ta fara," ya ce. "Ita ta karɓi wannan haihuwar."

Rahamatu ta zauna. Ba ƙas. Hasken shuɗin na nan yana jiranta. Ta yi bisimilla ta ɗora babban yatsanta.

Na'urar ta yi ɗan tunani, ta ƙi.

"Ta gan shi yanzu," in ji Sabi'u, "amma ta ce zanen bai fito ba. Sake, Inna."

Ta sake. Ta ƙi. Rahamatu ta juyo da yatsan ta dube shi: sumul, kamar bayan cokali. Dutsen goge kaushi ya cinye abin da sabulun shekara goma sha tara ya rage. Ita da ta gano ciwon, ita ce maganin zai tsallake?

"Kada ki damu," in ji Sabi'u, muryarsa ta sauya, ta zama ta mai sanin abin da yake yi. "Wannan kam aikina ne, na san shi. Ya bushe ne. Shafa shi a goshinki, nan gefen hanci ma, ya ɗebi maiƙo. Yawwa. Kada ki danna, kwantar da shi kawai, ki ɗan mirgina."

Ta shafa, ta kwantar, ta mirgina. Ɗaya, biyu.

"Ya shiga!"

Guɗa ta tashi daga ƙofar yamma, ɗan Hisba ya juyo zai hana, ya fasa. Aka ɗau hoto a bayan atamfa, ba wanda ya ga komai sai ganyen da ke jikin zanen. Sabi'u ya ce saura ta tabbatar da sunanta. Bappa ya ɗan saki gefe ɗaya, ta cusa kanta ƙarƙashin zanen. A ciki duhu-duhu, sai ita da fuskarta, babba, da furfura biyu da suka leƙo ta goshi. A ƙasa ga rubutu. Ta bi shi da yatsa, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mata. Sunanta ne, da aikinta, da Dugabau.

"Daidai ne," ta ce daga ciki.

Ba ta tafi ba. Da yawa cikin masu shara da masu wanki ba sa karatu, sai ta ja bencinta kusa, duk wadda ta zo su shiga ƙarƙashin zanen tare, ta karanta mata a kunne. Altine ta shiga ta ga fuskarta, ta ce wallahi gara da aka rufe. 'Yan Mainika suka iso bayan la'asar, ƙura har gira. Sau biyu wani malamin asibiti ya ce wa Bappa ya kawo ya karɓe shi, ya gaji da riƙon zanen. Bappa ya ce a bar shi, shi ya san abin da yake biya.

Motar ƙarshe mai bi ta Dugabau ba ta jira. Da rana ta yi ja, saura mata bakwai a layi, Altine ta jawo ta. Rahamatu ta tsaya gaban teburin, takardar shaidarta a ƙulle a bakin mayafi.

"Malam Sabi'u, Allah ya yi albarka. Allah ya raya zuriya."

"Amin, Inna. Ni ne da godiya. Da na koma Kano ina cewa lalle ne har in mutu."

"Bappa, sai wata rana. Zanen ya zauna, a gama da shi."

Tsohon bai iya sakin hannu ba, sai kai ya gyaɗa mata. Idonsa ya yi ja.

Ranar Asabar da hantsi tana wanke almakashi a bayan ɗakin haihuwa, wani direban da ke jigilar Gwarzo ya tsaya a bakin asibitin ya ce ina ungozoma, ga saƙo daga maigadin makaranta. Atamfarta ce, an wanke, an ninke. Direban ya ce a gaya mata bakwai ɗin nan duk sun wuce. Da ta warware zanen sai ga ƙullin leda a tsakiya, cike da garin lalle, kore shar, sabon daka, ƙamshinsa ya cika wurin.

Ta daɗe tana riƙe da shi. Sannan ta kira Altine ta kawo gwangwani a raba.

"Raba daidai, Inna, ina kallo. Ni sau biyu na ƙunsa."

Ba su gama rabon ba aka yi sallama a ƙofa, wani mutum riƙe da babur, matarsa a baya ta dafe ƙugu. Rahamatu ta saurari numfashinta daga inda take, ta ajiye gwangwanin, ta ce wa Altine ta ɗora ruwa.